Kogunan Sokode da Itatuwan Bakinsu

Ruwan saman da ke sauka a Didaure, tsohuwar unguwar fatake ta garin Sokode a Togo, yana gangarawa ne cikin ƙoramun gari irin su Kpondjo da Kpandi, daga nan ya bi kogin Na zuwa kogin Mono. Duk ledar da aka jefa a lambatu da ruwan wanka da na mahauta, can suke ƙarewa, inda mata ke wanki, masu lambu kuma ke ban ruwa. Wannan shi ya kamata a koya wa yara a makarantun boko da na allo, kuma limamai su riƙa tunatarwa a huɗuba, domin Musulunci ya hana ƙazantar da mashaya.

Gyara na haƙiƙa yana bakin rafi. Tun 1977 Togo ke dashen itatuwa kowace ranar 1 ga Yuni, amma sau da yawa baƙin iri ake dasawa saboda saurin girmansu. Maɗaci da kanya da ɓaure sun fi cancanta a gaɓa: saiwarsu tana riƙe ƙasa, sun saba da rani. Ɗorawa da kaɗanya a tudu kuwa ba a yawan sare su, tunda daddawa da man kaɗe kuɗi ne a hannun mata.