Gurbin da aka bari babu maki

Makarantu da dama a biranenmu sun ajiye babban littafin maki sun koma manhajar kwamfuta, kuma hakan ya rage wa malamai wahalar lissafi a ƙarshen zango. Sai dai akwai aiki guda da ake yi a gurguje, wato tsara gwaje-gwaje a cikin manhajar kafin a shigar da makin kowa. Galibi akan miƙa shi ga wanda ya fi kowa iya kwamfuta a makarantar, alhali shawara ce ta koyarwa, wadda ta kamata ta fito daga zauren malamai.

Tun daga Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 Najeriya ta ɗauki tsarin auna ɗalibi a kai a kai, domin kada jarrabawar yini ɗaya ta yanke masa hukunci. Shi ya sa makarantu da yawa ke raba maki 100 gida biyu: 40 ga gwaje-gwajen cikin zango, 60 ga jarrabawa. A ɗauka gwaji biyu ne, kowanne maki 20. Wata ɗaliba ta ci 16 a na farko, zazzaɓi ya hana ta zama na biyu, sannan ta ci 42 a jarrabawa.

Idan manhajar ta ɗauki gurbin da ba a cike ba a matsayin sifili, jimillarta 58 ne, wato C5 a ma'aunin da makarantu suka aro daga WAEC. Idan ta tsallake gurbin ta auna 58 bisa 80, ya zama 72.5. Idan kuwa an tsara ta bisa rukuni, 16 cikin 20 zai koma 32 cikin 40, jimilla ta kai 74. Waɗannan biyun duk B2 ne. Yarinyar ba ta ƙara ko rage amsa ɗaya ba. Tazarar maki 16 ta fito ne daga zaɓin da wani ya danna tun farkon zango, wataƙila bai ma lura ya danna ba. Kuma mun san yadda iyaye ke duba matsayin ɗa a aji kafin su duba komai.

Manhajojin ba su ɓoye wannan ba. Moodle tana da zaɓin cire guraben da babu maki daga lissafi, Google Classroom kuma tana ba malami damar tara maki gaba ɗaya ko auna su rukuni-rukuni. Matsalar ita ce mutane kan karɓi abin da suka tarar a kai.

Wani zai ce a riƙa tsallake gurbin kawai, a huta. Ban yarda ba, domin ɗalibai ba su da wauta: wanda ya ci 19 a gwajin farko zai gane cewa rashin zuwa na biyu ya fi masa riba. Sifili kai tsaye kuma zalunci ne ga marar lafiya. Abin da nake gani ya fi dacewa shi ne a bambanta wanda ya yi fashi da uzuri da wanda ya ƙi zuwa. Na farko a sake masa gwajin cikin mako biyu, gurbinsa ya zauna a buɗe har lokacin. Na biyu malami ya rubuta masa sifilin da hannunsa.

A yanke wannan a taron malamai kafin a buɗe zango, a sanar da iyaye a rubuce, sannan a kulle tsarin yadda babu mai sauya nauyin gwaji bayan an fara shigar da maki sai da sa hannun shugaban makaranta.