Ajiya Maganin Wata Rana, Amma Wace Rana?

Maganarmu a wannan fitowa ta shafi abin da ke ƙarƙashin gadajenmu, da wayoyin da ke aljihunmu, da abin da muka riƙe juna da shi a zuci.

Yawancinmu da muke taruwa sujada a Bodinga da Shagari, aiki ne ko kasuwanci ya kawo mu: malaman makaranta, 'yan sanda, ma'aikatan asibiti, masu shaguna, da 'yan bautar ƙasa. Waɗansu daga Zuru, waɗansu daga kudancin Kaduna, Filato, Binuwai ko ƙasar Ibo. Ɗakin haya muke ciki, in ya yi yawa ciki da falo. Amma a leƙa a gani: jakunkunan Ghana-must-go uku ko huɗu a kan juna, ankon bikin da aka yi shekara goma da suka wuce, rediyon da ya mutu, kwanonin samira da aka jera tun ranar aure ba a taɓa zuba musu miya ba, takalman yaran da yanzu suna sakandare. In aka tambaya, amsar ɗaya ce: ajiya maganin wata rana.

Ba mu raina wannan karin magana ba. Wanda ya sayi gero da dawa da kaka ya adana, ya san amfaninta sa'ad da farashi ya hau a tsakiyar damina. Takardar haihuwa, shaidar makaranta, takardar ɗaukar aiki da ta filin da aka saya a gida, waɗannan lalle a killace su cikin leda ɗaya, inda hannu zai kai ko cikin duhu. Abin mamaki, su ne suke ɓacewa cikin tarkace ranar da ake nemansu.

Sauran kayan fa? Ƙasar Sakkwato ba ta tausayin ajiya. Zafin Afrilu yakan haura digiri 40, roba ta bushe ta tsage. Hunturu ya cika kome da ƙura, damina ta zo, gara da ɓera su ƙarasa. Zanen da zai rufa wa wata gwauruwa asiri bana, in ya ƙara shekara uku cikin buhu, sai dai tsumma. Ga kuma canjin wurin aiki da ba ya sallama. Tun da aka cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, har ɗaukar shata daga Shagari zuwa Jos ko Makurdi yana iya fin darajar kayan da za a loda.

Ita kanta jakar nan tana da tarihin da ya kamata ya sa mu tunani. A watan Janairu 1983, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, ɗan garin Shagari, ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar. 'Yan Ghana kimanin miliyan ɗaya suka kama hanya, kowa da abin da kansa zai iya ɗauka, daga nan jakar ta sami suna. An san ta da gudun hijira, mu kuwa mun maishe ta rumbu.

Ra'ayinmu shi ne, abin da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, a bayar tun yana da amfani. Ɗan bautar ƙasa da ya sauka da jaka ɗaya yana bukatar katifa, tukunya da bokiti. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda suke aiko mana da nama ran Sallah, su ma akwai mabukata cikinsu. Amma kada a kwaso yagaggun kaya a jibge wa zumuntar mata a ce baiko ne. Abin da ya mutu, 'yan jari-bola suna saye.

Tarkacen waya ya fi na ɗaki haɗari, gama ba a ganin tsibinsa. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001 domin gaisuwa da saƙo, yau kuwa kullum tana kukan ta cika. Hotunan barka da asuba ba su cutar da kowa. Abin damuwa shi ne bidiyon tashin hankali. Har yanzu akwai masu ajiye da bidiyon kisan Deborah Samuel, wanda ya faru a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato ran 12 ga Mayu 2022, kuma wayar nan ce yara suke ara su yi wasa. Goge bidiyon ba manta ta ba ne, ba kuwa daina neman adalci ba ne. Haka kuma tsofaffin bidiyo, waɗansu ma daga wata ƙasa, sukan dawo WhatsApp da rubutun “yanzu-yanzu a Sakkwato”. Wani ya tura bai bincika ba, uwa a gida ta kwana ba barci, da safe a yi ta bugowa ana cewa ku tattara ku dawo. Mu da muke tsiraru, jita-jita mu take fara ƙonawa. Guruf ɗin da ba ya kawo kome sai tsoro da zagi, a fita daga cikinsa.

Na zuciya ya fi wuyar fitarwa. A Jos ko Kaduna, in ka ɓata da ɗan'uwa kana iya koma wata majami'a. A nan ina za ka? Mutumin da ka daina gaisarwa saboda kuɗin adashi, ko zaɓen ma'aji, ko don bai zo sunan ɗanka ba, shi ne zai ɗauki matarka zuwa asibiti a Sakkwato da tsakar dare. Gidaje biyu suka yi gaba a ƙaramar ikilisiya, kowa sai ya rasa inda zai zauna. In bashi ne, a zauna gaban dattijo a yanka yadda za a biya kaɗan-kaɗan, ko a yafe a fili a rufe maganar. Ba muna nufin waɗanda suka rasa nasu cikin rikici ba. Wannan ciwo dabam ne, kada kowa ya hanzarta su.

Muna roƙon dattawa su tsai da Asabar ɗaya kafin tafiye-tafiyen Kirsimeti, kowane gida ya kawo kayan da aka wanke, masu aiki. Mutum uku su rarraba, kada a karanta sunan wanda ya kawo ko wanda ya karɓa.