Tuji da Baƙon Dausayi: Suna a Takarda Ba Ya Tsare Rai

Duk wanda ya san dajin Sahel ya san tuji, ƙaton tsuntsu mai tafiyar ƙasaita, wanda ya fi son taku a ƙasa a kan tashi sama. Kaɗan ne kuwa ke lura da wani ɗan tsuntsu mai farin ƙirji da ke kaɗa jela a bakin ruwa lokacin hunturu. Masana na kiransa Actitis hypoleucos. Baƙo ne: a Turai da Asiya yake ƙyanƙyasa, sanyi ya koro shi Afirka.

A wajen masana, zumuncinsu na nesa ne. Tuji ɗan zuriyar Otididae ne. An daɗe ana jera su tare da gauraka, kafin binciken ƙwayoyin halitta ya ware musu rukuni nasu. Shi kuwa baƙon, ɗan zuriyar Scolopacidae ne, masu kiwo a taɓo da gaɓar ruwa.

A kundin hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, tujin da ake kira Ardeotis arabs yana sahun waɗanda suka kusa shiga haɗari, baƙon kuma yana sahun waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu. Mai karatu zai ɗauka na farko kaɗai ke neman agaji. Nan kuskuren yake.

Ciwon tuji a fili yake: farauta da motoci, da gonaki da garkuna da ke cinye dajinsa. Macen ƙwai ɗaya ko biyu take sakawa a ƙasa, don haka giɓin da bindiga ta bari ba ya cikewa da wuri. Ciwon baƙon kuwa a ɓoye yake. Yawansa na raguwa, faɗin ƙasashen da ya bazu ne ke rufe asarar. A dausayin Haɗeja da Nguru, madatsun Tiga da Challawa sun rage ambaliyar da tsuntsaye irinsa ke rayuwa a kai. Wani ɗan zuriyarsu, Numenius tenuirostris, rabon da a tabbatar da ganinsa tun 1995 a Maroko.

Kundin nan awon duniya baki ɗaya yake yi, ba awon fadamar wani gari ba. Hukumar da ta jira sai suna ya hau sahun haɗari kafin ta motsa, ta makara. Tuji na bukatar dokar farauta mai haƙora, wadda ba ta sunkuyar da kai ga mai kuɗi. Baƙon na bukatar a saki ruwa daga madatsu a kan kari, ruwan da shi ne abincin masunci da manomin fadama.