Barcin Gaiwa da Barcin Manhaja

Ɗalibai masu koyon rubuta manhajar wayar salula sukan zo da kuka iri ɗaya. Sun tsara sanarwa ta fito da ƙarfe shida na safe, ta kuwa fito, amma umarnin da suka so ya gudana tare da ita ko motsi bai yi ba. A ganinsu an tauye su. Ni kuwa a nawa ra'ayin, waya ce ke da gaskiya.

Mai karatu ya dubi gaiwa. Idan fadama ta ƙafe, takan nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙin da ke bushewa, ta bar 'yar kafa ta shaƙar iska. Aikin jikinta yakan ragu ƙwarai, tana cin tsokar kanta har damina ta dawo. Ruwa ne ke tashinta. Da za ta riƙa farkawa tana duba ko ruwa ya zo, da ta ƙare tun kafin bazara.

Haka manhaja take idan an bar fuskarta. A wayar iPhone, babbar manhajar wayar ce ke riƙe sanarwar, ita ke nuna ta idan lokaci ya yi, ba tare da ta tashi manhajar da ta tsara ta ba. Android ya fi sassauci, amma a 2015 ya shigo da tsarin Doze, wato gyangyaɗi: idan waya ta daɗe a ajiye, sai a tara ayyukan manhajoji, a buɗe musu ƙofa jefi-jefi. Aikin da ake maimaitawa ta hanyar WorkManager kuwa ba ya samun tazarar da ta gaza minti 15. Wanda yake biyan kuɗi kafin a yi masa cajin batir a kasuwa ya san amfanin wannan rowa.

Sai dai akwai inda abin yake da haɗari. Mai tarin fuka yakan sha magani kullum har wata 6, alhali iPhone sanarwa 64 kacal take ajiye wa kowace manhaja. Ɗalibin da ya jera wa kowace rana tata, tunatarwarsa za ta yanke bayan wata 2, majinyaci bai sani ba. Sanarwa guda mai maimaita kanta kullum ta wadatar, a kuma rubuta saƙonta tun manhajar tana farke. Malamai su sa ɗalibai su gwada ta a kan wayar da ta kwana ba a taɓa ta ba.