Mi ya sa sabon gudro ke saurin fashewa?

Tun daga Maradi Kolliya a 2015, Tawa Sakola a 2017 da Zinder Sabuwa a 2018, an shimfiɗa gudro mai yawa cikin biranenmu. Amma ƴan kasuwa sun san yadda rami ɗaya ke fasa kwandon tumatur, ya kuma sa direba ƙara kuɗin mota.

Sau da dama ɓarnar tana farawa tun daga shafin farko. Bayan an danne jar ƙasa an share ƙura, ana fesa gudro mai ruwa-ruwa da aka sirka da kananzir, wajen kilo 1 a kowane murabba'in mita. Shi ke nutsewa cikin ƙasa, ya toshe ƙofofin ruwa, ya kama shimfiɗar da za ta hau bisa. Yana buƙatar awa 24 zuwa 48 kafin ya sha.

In ɗan kwangila ya rage awo, ko ya fesa bisa ƙura ko ƙasa mai laka, damina ɗaya ta isa ta tona asiri.

Mu ma muna da namu alhaki: in aka tare hanya, masu kabu-kabu, amalanke da masu talla su yi haƙurin kwana biyu. Hanyar nan ita ce jarinmu.