Idan Cuku Ya Sake Launi, Gargaɗi Yake Yi

A unguwar Kurmin Sarki da ke cikin garin Suleja, kamar sauran unguwannin garin, ba baƙon abu ba ne a ga matan Fulani da hantsi sun shigo daga rugage ɗauke da ƙore da bokitai, suna tallan nono da man shanu da cukun madara, wanda mutanen wannan yanki suka fi sani da sunan wara. Akwai kuma matan aure da ke sayen madara su haɗa nasu a gida. Kukan da aka fi ji daga ɓangarorin biyu guda ne: an ajiye cuku fari fat da maraice, gari ya waye ya yi ɗigo-ɗigon ja, ko shuɗi, ko yauƙi. Daga nan sai zargi ya tashi, mai saye ta ce an cuce ta, mai sayarwa ta ce baki ne ya kama sana'arta. Alhali kuwa kowane launi yana da dalilinsa, kuma ana iya bin sawunsa.

Yadda ake yin cukun shi ne mabuɗin maganar. Akan ɗora madara a wuta ta yi ɗumi, a zuba mata ruwan ganyen tumfafiya da aka daka aka tace, sa'an nan a ƙara wuta har ta kai ga tafasa, ta tsinke, a kwashe a zuba a ƙananan kwanduna ruwan ya tsiyaye. Wajen lita 5 ta madara ke ba da kilo 1. Wannan tafasar tana kashe akasarin ƙwayoyin cutar da ke cikin madara, har da na tarin fuka. Watau cuku yana sauka daga wuta kusan tsarkakakke. Amma fa ba shi da gishiri, ba shi da tsamin da ke kāre kindirmo, ga shi cike da ruwa, saboda haka da ƙyar yake wuce kwana 2 ko 3 in ba firji. A zafin bazara, ƙwayar cuta tana iya rabuwa biyu duk bayan minti 20, ta yadda guda ɗaya za ta haura miliyan 2 cikin sa'a 7.

Ƙa'idar da za a riƙe ita ce a tambaya: launin nan tare da shi cukun ya sauka daga wuta, ko kuwa daga baya ya bayyana?

Launin da ya zo tun daga tukunya galibi ba shi da hatsari. Ɗan kore-kore na ganyen tumfafiya ne, in kuma an cika shi sai a ji ɗaci. Ɗan ɗorawa-ɗorawa da damina na ɗanyar ciyawar da shanu suka ci ne. Jan da ya rufe bayan cuku bai ɗaya, cikinsa kuwa fari, rinin karan dafi ne, wanda aka saba yi a Jamhuriyar Benin. Toka-toka yana nuna tukunya ta yi tsatsa, ta isa canji. Abu guda ne banda: in madarar kanta ta fito ja-ja ko da gudaji tun wajen tatsa, saniyar tana da ciwon hantsa, kuma wannan madara ba ta shiga tukunya.

Launin da ya zo daga baya kuwa, wani abu ne mai rai ke yaɗuwa. Ɗigon ja ko ruwan hoda sau da yawa aikin wata ƙwaya ce da ake kira Serratia, mai son danshi. A shekarar 1819 ta firgita ƙauyawa kusa da birnin Padua na ƙasar Italiya, inda tuwon masararsu ya riƙa wayar gari kamar an yayyafa masa jini, har sai da wani mai haɗa magunguna, Bartolomeo Bizio, ya nuna cewa wata ƙaramar halitta ce ke yin wannan aiki. Shuɗi kuma yakan fito daga ƙwayar Pseudomonas, wadda mazauninta ruwa ne. A watan Yuni na 2010 hukumomin Italiya sun ƙwace curi wajen 70,000 na wani farin cuku da aka yi a Jamus, saboda yana komawa shuɗi da zarar an buɗe shi. In haka ta faru ga masana'anta mai injuna, ina ga bokitin da aka cika da ruwan garuwa? Gashi-gashi kore ko baƙi funfuna ce. Yauƙi da wari da ƙananan ramuka a ciki kuwa alama ce ta ƙazantar hannu ko ta ruwa.

A nan ne mata da yawa ke kuskure, don tausayin jarinsu. Wata ta yanke wurin da ya ɓaci, wata ta jefa shi a mai ta soya. Yankewa tana amfani ga busasshen cuku mai tauri kaɗai. A jikin mai laushi, ɓarnar ta riga ta ratsa inda ido ba ya gani. Suya kuma ba ta warware komai, domin ƙwayar Staphylococcus, wadda ke fitowa daga hancin mutum da ƙurajen hannunsa, tana barin dafi wanda tafasa ba ta karya shi. Cikin sa'o'i kaɗan bayan ci sai amai da gudawa, kuma ƙananan yara ne suka fi jigata. Cukun da ya sake launi bayan ya kwana, juji ne wurinsa.

Har ila yau, fari ba shi ne shaidar lafiya ba. A 1985, a yankin Los Angeles na Amurka, wani cuku mai laushi ya yaɗa cutar Listeria ga mutum 142, aka rasa rayuka 48, akasarinsu jarirai da 'yan tayi. Wannan ƙwaya ba ta sauya launi ko ƙamshi, kuma tana yaɗuwa ko a cikin firji. Don haka mace mai ciki kada ta ci cuku sai an sake dafa shi ko an soya shi da zafinsa.

Tun da yake ɓarnar bayan tafasa take shiga, can ne za a tare ta. A ƙona kwanduna da ƙore da tafasasshen ruwa, a shanya su a rana su bushe sarai. Kada a jiƙa cuku a ɗanyen ruwan rijiya ko na rafi, sai dai a ruwan da ya tsiyaye daga jikinsa ko wanda aka tafasa aka sa gishiri. A wanke hannu da sabulu, a rufe ƙwarya da faifai saboda ƙuda, a ɗauka da cokali, kada kowane mai saye ya latsa da yatsa. Wanda zai kwana, a sake tafasa shi a ruwan gishiri kowace rana, ko a bi dabarar makiyayan Nijar, waɗanda ke shimfiɗa nasu falle-falle su busar da shi, ya yi watanni bai lalace ba.

Ya kamata ma'aikatan duba-gari na ƙaramar hukumar Suleja su kai wannan bayani rugage da kasuwanni cikin Hausa da Fillanci, ta hanyar koyarwa ba ta tara ba. Matar da ta zubar da ƙwarya ɗaya ta yi asarar cinikin yini. Wadda ta sayar da ita ga gida mai yara tana iya rasa unguwa baki ɗaya. Da muguwar rawa, gwamma ƙin tashi.