Makarantar Mishan A Ƙasar Ngaski Da Zancen Aikin Hannu

Wanda ya tashi daga Yelwa ya nufi Wara ran Lahadi da hantsi ba zai rasa cin karo da mutane a hanya ba, waɗansu a ƙasa waɗansu bisa babur, mata sun yi ado da zane iri ɗaya, yara na biye da su, duk sun nufi wani ɗan gini mai rufin kwano da gicciye a samansa. In ya tsaya ya duba da kyau, sau da yawa zai ga waɗansu ɗakuna biyu ko uku a gefe, da allo a jikin bango. Cocin Katolika ke nan da makarantarta. Mafi yawan masu karanta wannan jarida Musulmi ne, kuma muna zaton da yawansu ba su taɓa taka irin wannan farfajiya ba. Duk da haka mun ga ya kamata mu yi magana a kanta, gama yaran da ke cikinta 'ya'yan ƙasar nan ne, kuma akwai abin da malaman makarantun gwamnati da ma'aikatan ƙananan hukumomi za su ƙaru da shi a can.

Mishan ba baƙuwa ba ce a ƙasar Yawuri. A 1953 aka kafa yankin Katolika na Sakkwato, aka danƙa shi ga limaman ɗariƙar Dominika daga Amurka, a ƙarƙashin Fada Edward Lawton wanda ya zama bishop a 1964. Su ne suka zauna a Gusau, suka kuma kafa mishan a Yelwa. A ƙarshen 1995 aka yanke sabon yanki mai hedkwata a Kwantagora, aka ba Fada Timothy Carroll, mutumin ƙasar Ailan, riƙonsa, kuma a zamaninsa aka ba da ƙarfi ga haƙa rijiyoyi da yaƙi da jahilci da rani a ƙauyukan Kambari. A 2012 Bulus Dauwa Yohanna ya zama bishop, sa'an nan a 2020 yankin ya zama cikakkiyar dayosis. A tsakanin waɗannan shekaru ƙasar kanta ta sāke kama. An fara gina madatsar Kainji a 1964, ruwa ya taru a 1968, aka tashi mutum wajen 44,000 daga gidajensu, cikinsu har da Gungawa da suka bar tsibiran kakanninsu suka koma tudu. Mutumin da aka raba da kufansa yana bukatar wurin da zai sāke haɗuwa da 'yan'uwansa. Ga mafi yawa masallaci ne da kasuwa suka zama wannan wuri, ga waɗansu kuwa farfajiyar mishan.

Ba za mu ɓoye ba, iyayenmu sun daɗe suna duban makarantar mishan da wutsiyar ido, kuma ba a rasa dalili ba. Tun zamanin Turawa an hana 'yan mishan shiga garuruwan Musulmi sai da yardar sarki, aka bar su da ƙauyukan waɗanda ba su musulunta ba, saboda haka makarantar En'e da ta mishan suka tashi kamar kishiyoyi, kowace da ɗakinta. Wanda ya ce mishan ta buɗe makaranta ba tare da nufin yaɗa addininta ba bai faɗi gaskiya ba, su kansu ba su taɓa cewa haka ba. Amma wanda ya ce yaron Kambari na ƙauyen da mota ba ta zuwa da damina zai sami karatu a kusa in ba ta nan ba, to, sai ya nuna mana inda makarantar ta ke.

Abin da ya fi jan hankalinmu a irin wannan wuri shi ne makarantar tana da masu ita. In an tashi daga addu'a ran Lahadi ba a watsewa nan da nan. Dattawa su kan zauna a gindin itace da katikis, watau malamin da ke riƙe da coci in Fada ba ya nan, a yi maganar kwanon da iska ta yaye, da bencin da ya karye, da malamin da bai zo aiki ba kwana uku. Matan Zumunta su ke da shara da girki in an yi baƙi, su ne kuma su ka san gidan da aka hana yarinya zuwa makaranta don talla ko don an karɓi kuɗin aurenta. Da kaka a kan yi bikin godiya, kowa ya kawo abin da Allah Ya hore masa, wannan damin dawa, wancan kwandon albasa, masunci ya kawo busasshen kifi, a yi gwanjonsu a zuba kuɗin a asusu. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Amma uban da ya ba da damin dawarsa aka sayi alli ba zai ga akuya kwance a aji ya wuce ba. A makarantunmu na gwamnati fa? Taga ta ɓalle, sai a ce a jira Birnin Kebbi. Shekara ta zagayo, ɗaya tagar ma ta bi ta.

To, a nan ne mu ke so mu kawo wani ɗan ƙaramin abu wanda mai yiwuwa waɗansu su yi mana dariya a kansa, watau ninkin takarda. In Kirsimeti ta matso, yara ne ke yin adon coci, su yanka takarda su ninke ta su fid da taurari da sarƙoƙi da furanni a rataya. Ran Lahadin da ke gaban Ista kuwa a kan raba ganyen dabino ko makamancinsa, sai ka ga yaro ya tsaga ganye ya lanƙwasa ya soke, kafin ka kifta ido ya fid da gicciye, ƙanensa na leƙe yana kwaikwayo. Ba wanda ya rubuta wannan a cikin manhaja, ba kuwa sufeton da ya zo dubawa. Amma ga hannu yana koyon bin ido, ga ido yana koyon awo.

Kada wani ya ce wannan al'adar baƙi ce. Malamin da ya rubuta laya ninke ta ya ke yi daki-daki har ta zama ɗan murabba'i kafin a ɗaure ta da zare a kai wa baduku, kuma in ninkin ya karkace badukun zai faɗa. Mai sayar da gyaɗa da mai tsire sun san yadda za su naɗe takarda kaya su zauna. Tsofaffin akawuna sun san ninkin wasiƙa gida uku don ta shiga ambulan ba ta yamutse ba. Yaron Wara kuma ba ya bukatar a koya masa jirgin takarda, ga tafki a ƙofar gidansu. Abin da waɗansu ƙasashe suka fi mu shi ne sun ɗauki abin da daraja. Wani malami Bajamushe, Friedrich Froebel, wanda ya ƙago makarantar ƙananan yara ya raɗa mata suna a 1840, ya sa ninkin takarda cikin ayyukan da yaro zai yi kafin ya fara karatu sosai. Mutanen Japan kuwa, waɗanda ke kiran abin origami, sun mai da shi sana'a ta gwanaye, har wani gwaninsu Akira Yoshizawa, wanda ya rasu a 2005, ya shirya alamomin da a ke zana ninki da su a littafi, kowa ya bi ko bai ji harshensu ba.

Malamin lissafi ya gwada wannan a ajinsa ya gani. Ba yaro takarda guda ka ce ya ninka ta biyu, ga rabi. Ya ƙara, ga rubu'i. Ya ƙara, ga sumuni. Ya buɗe ya ƙidaya gidajen da kansa, daga ran nan ba zai sāke cewa sumuni ya fi rubu'i girma don 8 ta fi 4 ba, kuskuren da mun san yara suna kai shi har sakandare. Ka tambaye shi in ya ninka sau 7 falle nawa za a samu, ya ce 14, sa'an nan ku bi lissafin tare ya tarar 128 ne, ya kuma gane dalilin da ya sa takardar ta ƙi lanƙwasuwa a hannunsa. Ko kuwa a yanka alwatika, a kwantar da ita bisa gefenta mafi tsawo, a ninko kusurwar sama har ta taɓa gindi, a jawo sauran biyun su same ta, sai ga kusurwoyin uku sun jeru sun yi miƙaƙƙen layi. Ga digiri 180 ɗin da a ke sa yara haddacewa da bulala ya fito fili, gani ya kori ji. Duk wannan ba a nemi lantarki ba, ba a nemi kwamfuta ba, tsohon littafin rubutu na bara ya isa.

Waɗanda suka yi elementare a zamanin En'e za su tuna akwai sa'ar aikin hannu. A kan tufka igiya, a saƙa faifai da tabarma da kaba, a gina tukunya, a ɗaura tsintsiya, a ƙarshen zango a ba da maki. Sannu a hankali aka lalata abin. Da fari yaro ya kan sayo tsintsiya a kasuwa ya kai wa malam a ce shi ya yi. Daga baya aka ga wahalar zuwa kasuwar ma ba ta da amfani, sai a kawo kuɗin kawai. Mun ji malaman da ke kare wannan da cewa albashi ba ya isa, kuma jarrabawar shiga sakandare ba ta tambayar igiya. Maganar albashi gaskiya ce, mun sha faɗinta a wannan shafi. Amma malamin da ya karɓi kuɗi ya rubuta wa yaro maki a kan aikin da bai yi ba ya koya masa wani darasi dabam, wanda zai tuna ran da ya zama akawu aka kawo masa takardar kwangila.

Sai dai duk wannan magana tamu ba ta da amfani in babu yaran a aji, kuma a nan ne abin ya ke da ban tsoro. Ran 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, cikin ƙaramar hukumar Ngaski, da rana tsaka, suka kwashi ɗalibai da malamai, 'yan matan ƙarshe ba su dawo ba sai 2023. Ran 17 ga Nuwamba 2025 aka ɗauki 'yan mata 25 a makarantar gwamnati ta Maga, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. Bayan kwana huɗu, ran 21 ga wata, aka auka wa makarantar Katolika ta St. Mary a Papiri, cikin ƙaramar hukumar Agwara ta Jihar Neja, can hayin ruwa daura da ƙasar Yawuri, aka tafi da yara da ma'aikata fiye da 200 cikin dare, waɗansunsu 'yan firamare ƙanana. An sako su kashi biyu a cikin Disamba kafin Kirsimeti, alhamdu lillahi. Duk wanda ya jera waɗannan uku zai ga ɓarayin ba su tambayi addinin kowa ba.

Abin da hukumomi suka yi nan take shi ne rufe makarantu, kuma ba mu ga laifinsu ba a makon farko, gama ba a san inda za a sāke faɗawa ba. Amma rufewa ba magani ba ce. Ɗan babban ma'aikaci in an rufe tasu sai a mai da shi Birnin Kebbi ko Abuja. Ɗan manomin Kambari kuwa gona zai koma, 'yar'uwarsa a yi mata aure, ko an buɗe bayan wata uku ba za a ga rabinsu ba. Ya kamata a tuna abin da ya sa ƙananan yara ke kwana a makaranta irin ta Papiri tun da fari, watau ƙauyukansu ba su da makarantar da za su je su dawo. In da kowane gari na bakin tafki yana da firamare mai malamai masu zuwa aiki, da ba a tara ɗaruruwan yara wuri guda cikin daji ba. Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar tsare makarantu ta duniya tun 2015. Muna roƙon gwamnatin Jihar Kebbi, in ana lissafin makarantun da za a ba masu gadi da katanga da hanyar kiran taimako, a sa na mishan da na Islamiyya a jeri ɗaya da na gwamnati, kada a ce wannan ta masu zaman kansu ce su ji da ita. Masarautar Yawuri tana da tarihin son ilmi tun zamanin Sarki Abdullahi wanda ya yi sarauta daga 1923 zuwa 1955, kuma Mai Martaba Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi ya shugabanci Jami'ar Usmanu Danfodiyo kafin ya hau gadon a 1999. Hakimai da dagatai in suka kira Fada da liman da shugaban 'yan banga zama ɗaya a kan tsaron makarantar garinsu, ba mu zaton akwai wanda zai ƙi zuwa.

Wannan na manya ne. Akwai kuma wanda ke hannun masu karatunmu. Sakatarorin ilmi na Ngaski da Yawuri da Shanga suna iya mai da sa'ar aikin hannu sau ɗaya a mako, su hana karɓar kuɗi ko abin saye a madadinsa, a yi aikin a aji a gaban malam. Hedimasta ya taka zuwa mishan da ke kusa da shi ya ga yadda iyaye ke zama a kan makarantarsu, ya kuma gayyaci malaminsu ya zo ya ga tasa, wannan ba ya rage wa kowa addini. Ku kuma akawuna, mun san ɗakunan ajiyarku, mun san tulin tsofaffin fom da kalanda da jaridu da gara ke ci a bayan kabad. Ku ware waɗanda ke da sunan mutum ko asirin ofis ku adana, sauran ku ɗaure su da igiya, ranar kasuwar Wara ku ba direban da ya nufi ƙauye ya miƙa wa hedimasta.